Yadda malamin makarantar gwamnati zai ƙiyasta fanshonsa kafin ritaya

Tambaya:

Ta yaya malamin da ke koyarwa a makarantar gwamnati a Najeriya zai lissafa abin da zai riƙa karɓa na fansho duk wata, da abin da zai karɓa a dunƙule, tun kafin ranar ritayarsa ta zo?

Amsa:

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah. Bayan haka:

Ka sani, ya kai ɗan'uwa malami, cewa lissafin fansho ba abu ne da ya fi ƙarfinka ba. Abubuwa huɗu kawai kake buƙata: tsarin fanshon da kake ciki, ranar da za ka yi ritaya, albashin da ake lissafi a kansa, da kuma ko dai jadawalin shekarun aiki ko abin da ke cikin asusunka. Duk abin da za a faɗa a nan ya shafi malami da malama baki ɗaya. Alƙaluman albashin da za ka gani na misali ne, sai ka cire su ka sa naka.

Na farko: Gano tsarin da kake ciki

Wannan shi ne tushen lissafin, domin malamai biyu da suka fara aiki rana ɗaya, a matakin albashi ɗaya, suna iya tashi da fansho daban-daban saboda kawai ba gwamnati ɗaya suke yi wa aiki ba. Malamin kwalejin tarayya ma'aikacin gwamnatin tarayya ne. Malamin sakandaren jiha ma'aikacin jiha ne. Malamin firamare kuwa yana ƙarƙashin hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma da hukumar SUBEB, kuma dokar jiharsa ce ke hukunci a kan fanshonsa. Tsare-tsaren guda uku ne:

1. Tsohon tsari. Asalinsa dokar fansho ce ta 1979. Ba a cire komai daga albashin ma'aikaci, gwamnati ce ke biyan garatuti da fansho daga kasafin kuɗinta, bisa shekarun aiki da albashin ƙarshe. Har yanzu akwai jihohin da suke kan wannan tsari.

2. Tsarin karo-karo mai asusun kowa daban. Ya zo da dokar gyaran fansho ta 2004, aka kuma sake ta a 2014. A nan kana da asusu da sunanka da lambarka a wani kamfanin kula da fansho, kuma hukumar PenCom ce ke sa ido a kan kamfanonin. A dokar 2004 ma'aikaci yana ba da kashi 7.5 cikin ɗari, gwamnati ma ta ba da 7.5. Dokar 2014 ta mayar da shi kashi 8 daga ma'aikaci da kashi 10 daga gwamnati, jimla 18. Malaman tarayya da na Babban Birnin Tarayya suna kan wannan tsari, haka ma jihohi irin su Kaduna da Legas da Edo, sai dai kowace jiha dokarta ce ke yanka kason da za a cire.

3. Adashin gata mai asusu ɗaya, irin na Kano da Jigawa. Ana cire kaso daga albashinka, gwamnati ta ƙara nata, amma kuɗin ba ya shiga asusu da sunanka. Yana shiga asusu ɗaya na dukkan ma'aikata, idan ka yi ritaya kuma sai a lissafa haƙƙinka da shekarun aiki da albashin ƙarshe.

Kada cire kuɗi daga albashi ya ruɗe ka, tunda ana cirewa a tsari na biyu da na uku duka. Alamar da ke raba su ita ce: idan kana da lambar asusun fansho kuma wani kamfani yana aiko maka da bayanin abin da ya shiga, to kana tsari na biyu. Idan ba haka ba, lissafinka na jadawali ne.

Na biyu: Ranar ritayarka

Ƙa'idar aikin gwamnati da aka sani ita ce shekara 60 da haihuwa ko shekara 35 a bakin aiki, duk wadda ta riga zuwa. A 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta ƙara wa malaman makaranta wa'adi zuwa shekara 65 da haihuwa ko shekara 40 a bakin aiki. Jihohi ba su fara aiki da ita lokaci ɗaya ba, don haka ka tambayi sashen ma'aikata na ma'aikatarka ko na hukumar ilimin ƙaramar hukumarka wace ƙa'ida ake bi a kanka, kuma ka nemi ganin takardar umarnin da idonka.

Misali: wanda aka haifa a 1972 ya kama aiki a 1996. A tsohuwar ƙa'ida zai cika shekara 35 na aiki a 2031, ya cika 60 da haihuwa a 2032, saboda haka 2031 ce shekarar tafiyarsa. A sabuwar ƙa'ida zai cika 40 na aiki a 2036, ya cika 65 a 2037, sai ya tafi a 2036.

Ranar haihuwar da ake aiki da ita ita ce wadda ke cikin fayil ɗinka tun ranar ɗaukar aiki. Idan ta saɓa da ta katin ɗan ƙasa ko ta kamfanin fansho, ka gyara tun yanzu, domin irin wannan saɓanin yana tsayar da biyan haƙƙi na watanni.

Na uku: Albashin da ake lissafi a kansa

Ba abin da ke faɗowa a asusunka na banki ba ne, domin wancan an riga an cire haraji da kuɗin ƙungiya da bashin da kake biya. Ba kuma kowane alawus ake sakawa ba. Dokar 2014 ta ce albashin da za a cire kaso a kansa kada ya gaza jimlar abu uku: ainihin albashi, da alawus na gida, da alawus na sufuri. A tsarin jadawali kuwa dokar jiha ce ke faɗin alawus ɗin da ke shiga. Ka ɗauki takardar albashinka ta wata, ka tambayi jami'in albashi ya nuna maka adadin da ake lissafin fansho a kansa, ka ninka shi sau 12. Wannan shi ne albashinka na shekara a wannan lissafi.

Idan akwai sauran shekaru a gabanka, ka duba matakin da kake sa ran kaiwa. Mai takardar NCE yakan fara a mataki na 07, mai digiri a mataki na 08, kuma inda mutum zai tsaya ya danganta da takardunsa da yadda ƙarin girma ke zuwa. Ka yi lissafi da matakin da ka tabbata za ka kai, ba wanda kake fata ba.

Na huɗu: Lissafin mai tsarin jadawali

Jadawalin da aka gada daga dokar tarayya, wanda jihohi da yawa suka gina nasu a kai, ga yadda yake. Dukkan kason ana ɗaukarsa ne daga albashin shekara na ƙarshe:

Ƙasa da shekara 5: babu garatuti, babu fansho.
Shekara 5: garatuti kashi 100, babu fansho.
Shekara 9: garatuti kashi 132, babu fansho.
Shekara 10: garatuti kashi 100, fansho kashi 30.
Shekara 15: garatuti kashi 140, fansho kashi 40.
Shekara 20: garatuti kashi 180, fansho kashi 50.
Shekara 25: garatuti kashi 220, fansho kashi 60.
Shekara 30: garatuti kashi 260, fansho kashi 70.
Shekara 35: garatuti kashi 300, fansho kashi 80.

Ba sai ka haddace shi ba. Daga shekara ta 10, kowace shekara tana ƙara kashi 8 a garatuti da kashi 2 a fansho. Idan guntun shekarar ƙarshe ya wuce wata shida, ana ƙirga shi cikakkiyar shekara.

Misali na ɗaya: malamin da albashinsa na lissafi ya kai naira 150,000 a wata, wato 1,800,000 a shekara, ya kuma cika shekara 35. Fanshonsa kashi 80 ne, wato 1,440,000 a shekara, ko 120,000 a wata. Garatutinsa kashi 300, wato naira 5,400,000.

Misali na biyu: mai irin wannan albashi, amma shekarun haihuwa suka cim masa yana da shekara 28 a aiki. Ya ɗara 10 da shekara 18. Fanshonsa 30 a haɗa da 36, kashi 66 ke nan, wato 1,188,000 a shekara, ko 99,000 a wata. Garatutinsa 100 a haɗa da 144, kashi 244, wato naira 4,392,000.

Ka lura da abubuwa uku a nan.

Na ɗaya, tsakanin shekara 9 da 10 akwai babban rami. Wanda albashinsa 900,000 ne a shekara, idan ya ajiye aiki a shekara ta 9 zai karɓi 1,188,000 sau ɗaya, shi ke nan. Idan ya haƙura ya cika 10 zai karɓi 900,000, sannan ya cancanci 22,500 duk wata har ƙarshen rayuwarsa, daga lokacin da ya kai shekarun da doka ta yanka na fara karɓa. Duk mai tunanin barin koyarwa ya duba wannan kafin ya rubuta takarda.

Na biyu, jadawalin ya tsaya a shekara 35. Ƙarin shekara biyar na sabuwar doka ba ya ɗaga kason sama da 80 da 300, sai idan dokar jiharka ta ƙara wani abu. Amfaninsa a gare ka shi ne cikakken albashi na shekara biyar, da kuma ƙarin girman da zai ɗaga albashin ƙarshe.

Na uku, komai yana rataye ne a kan albashin ƙarshe. Ƙarin girman da aka ba ka a takarda amma bai shiga albashi ba, idan ba ka bi shi ba kafin ka tafi, za ka yi asararsa duk wata har iya rayuwa. Bambancin naira 10,000 a albashin wata yana nufin 8,000 a fanshon kowane wata, da 360,000 a garatuti, ga wanda ya cika shekara 35.

Idan kana Kano ko Jigawa ko wata jiha mai dokarta, ka karɓi jadawalin hukumar fanshon jihar ka gwada shi da wannan. Hanyar lissafin ɗaya ce ko da wani adadi ya bambanta.

Na biyar: Lissafin mai asusun kansa

A nan babu kason da aka yi maka alkawari. Abin da ka tara shi za a raba maka. Saboda haka lissafin mataki biyu ne: nawa zai taru ranar ritaya, sannan nawa zai riƙa fitowa duk wata.

Mataki na ɗaya: abin da zai taru. Yana da kashi uku: abin da ke asusun yau, da abin da za a ci gaba da zubawa, da ribar da jarin zai kawo. Ribar ba a yanke take ba, tana hawa tana sauka, don haka dole ka ɗauki wani adadi na zato. Ga lambobin ninki idan aka ƙaddara ribar kashi 10 cikin ɗari a shekara. Lamba ta farko ta abin da ke asusun yau ce, ta biyu ta abin da ake zubawa a shekara:

Saura shekara 5: 1.61 da 6.11
Saura shekara 10: 2.59 da 15.94
Saura shekara 15: 4.18 da 31.77
Saura shekara 20: 6.73 da 57.27
Saura shekara 25: 10.83 da 98.35

Misali: malamin da ke da naira 4,000,000 a asusunsa, albashin lissafinsa 150,000 a wata, saura masa shekara 10. Kashi 18 na albashinsa 27,000 ne a wata, wato 324,000 a shekara. Ninka 4,000,000 da 2.59, ka sami 10,360,000. Ninka 324,000 da 15.94, ka sami 5,164,560. Jimla kusan naira 15,500,000.

Da a ce saura masa shekara 15, wato ya ci moriyar sabuwar doka, lissafin zai zama 16,720,000 a haɗa da 10,293,480, kusan naira 27,000,000. Ka ga a wannan tsari ƙarin shekara biyar ba ƙaramin abu ba ne, saɓanin tsarin jadawali.

Idan kai ma'aikacin tarayya ne da ya kama aiki kafin ƙarshen watan Yunin 2004, kana da wani haƙƙi na shekarun da ka yi a tsohon tsari. Ana lissafa shi daban, gwamnati ta zuba shi a asusunka, sai ka haɗa shi da jimlar da ka fitar. Jihohin da suka koma wannan tsari su ma suna da irin wannan haƙƙin, daga ranar da kowace ta koma.

Mataki na biyu: kuɗin dunƙule da fanshon wata. Kamfanin yana amfani da ma'aunin da PenCom ta amince da shi, wanda ke duba abu huɗu: abin da ke asusun, da shekarunka, da jinsinka, da albashinka na ƙarshe. Ana fara ware abin da zai iya biyanka fanshon da bai gaza rabin albashin ƙarshe ba, abin da ya ragu shi ne kuɗin dunƙule. Wanda asusunsa bai kai haka ba yakan tashi da kwatan abin da ke ciki. Don ƙiyasi, ɗauki kashi 25 cikin ɗari.

A misalinmu, kwatan 15,500,000 shi ne 3,875,000. Saura 11,625,000. Don ka san tsakanin ina da ina fanshonka zai faɗa, yi rabo biyu. Raba sauran da 240, wato watannin shekara 20 ba tare da wata riba ba, za ka sami kusan 48,400. Sake raba shi da 120, wanda ya yi kusa da abin da zai fito idan kuɗin ya ci gaba da kawo ribar kashi 8 cikin waɗannan shekaru 20, za ka sami kusan 96,900. Fanshonka na wata yana tsakanin waɗannan biyun. Wanda ya yi ritaya da ƙuruciya zai fi kusa da na ƙasa, domin za a shimfiɗa kuɗinsa a kan shekaru masu yawa. Kuma duk nairar da ka ƙara a kuɗin dunƙule, daga fanshon wata aka rage ta.

Idan abin da ke asusun ya yi ƙanƙanta har ba zai iya biyan sulusin mafi ƙarancin albashi duk wata ba, ana ba mutum kuɗinsa gaba ɗaya a sallame shi. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa naira 70,000 ne tun 2024.

Na shida: Hauhawar farashi

Kada miliyoyin da suka fito a takarda su sa ka saki jiki. Naira 96,900 ta shekara goma masu zuwa ba za ta sayi abin da take saya yau ba. A 2024 kaɗai hauhawar farashi a Najeriya ta haura kashi 30 cikin ɗari. Saboda haka ka sake yin lissafin da darajar nairar yau, wato ka ƙaddara cewa riba da ƙarin albashi sun tafi kafaɗa da kafaɗa da tsadar kaya, babu wanda ya wuce wani. Sai ka tara kawai ba ninki: 4,000,000 a haɗa da 324,000 sau 10, jimla 7,240,000. Kwatansa 1,810,000. Saura 5,430,000. Raba da 240 ka sami kusan 22,600, raba da 120 ka sami kusan 45,200.

Wannan lissafi na biyu shi ne wanda ya kamata ka auna da cefanen gidanka na yau. Mutumin da ke rayuwa a kan 150,000 zai koma rayuwa a kan abin da bai kai sulusinsa ba. Gara ka san haka da sauran shekara goma a hannunka da ka sani a watan farko na ritaya.

Mai tsarin jadawali shi ma bai tsira ba. Kundin tsarin mulki na 1999, a sashe na 173 game da tarayya da sashe na 210 game da jihohi, ya ce a sake duba fansho duk shekara biyar, ko duk lokacin da aka sake duba albashin ma'aikata, wanda duk ya riga zuwa. Amma aiwatar da wannan yakan yi jinkiri, haka ma biyan garatuti a jihohi da dama yakan ɗauki shekaru. Kada ka ci bashi ko ka sa ranar aurar da 'ya'ya a kan garatutin da bai shigo hannu ba.

Na bakwai: Hanyoyi biyu na karɓar fansho

Mai asusun kansa yana da zaɓi. Hanya ta ɗaya, kuɗin ya zauna a kamfanin fansho ana juya shi ana biyansa duk wata ko duk wata uku. Idan ya rasu, abin da ya rage na magadansa ne. Hanya ta biyu, a miƙa kuɗin ga kamfanin inshorar rai, shi kuma ya ɗauki nauyin biyansa har ƙarshen rayuwa. A nan akwai lamunin shekara 10: idan ya rasu a cikinsu za a biya magada na sauran shekarun, idan kuwa ya rasu bayansu babu abin da ya rage. Wanda ya fara da hanya ta ɗaya yana iya komawa ta biyu, amma wanda ya shiga ta biyu ba ya dawowa. Kada ka sa hannu a ranar da aka kawo maka takardar. Ka karɓi adadin kowace hanya a rubuce, ka tafi da su gida ka gwada.

Na takwas: Abubuwan da ke rage fansho ba ka sani ba

1. Kuɗin da aka cire ba a zuba ba. Doka ta ce a zuba cikin kwanakin aiki 7 bayan biyan albashi, ta kuma sa tarar da ba ta gaza kashi 2 cikin ɗari a wata a kan wanda ya ƙi. Ka riƙa gwada takardar albashinka da bayanin asusunka wata-wata. A misalinmu, rashin zuba kuɗin shekara ɗaya, wato 324,000, da sauran shekara 10 a ritaya, asarar kusan 839,000 ce a ƙarshe.

2. Cire kwata kafin lokaci. Wanda ya rasa aiki kafin ya kai shekara 50, ya yi wata huɗu bai sami wani ba, yana iya cire kashi 25. Tun 2022 kuma an yarda a yi amfani da kashi 25 wajen biyan kason farko na sayen gida. Duk wanda ya yi ɗaya daga ciki, sai ya rage shi daga lissafinsa.

3. Yankewar shekarun aiki. Idan ka tashi daga ƙaramar hukuma zuwa jiha, ko daga jiha zuwa tarayya, ka tabbata an yi maka takardar haɗe shekarun aiki. In ba haka ba, shekarun farko suna iya zubewa daga jadawali.

4. Ɓatan takardu. Ka ajiye takardar ɗaukar aiki, da ta tabbatarwa, da ta kowane ƙarin girma, da shaidar haihuwa, da takardun albashi na ƙarshe, kowanne da kwafinsa a wani wuri daban.

A ɗaya ɓangaren, kana iya ƙara wa asusunka da kanka ta hanyar ofishin albashi. Naira 5,000 a wata, wato 60,000 a shekara, tana zama kusan 956,000 a shekara 10 bisa zaton da muka yi. Kana kuma da damar sauya kamfanin fansho sau ɗaya a shekara, tun da aka buɗe wannan ƙofa a watan Nuwamban 2020.

Na tara: Abin da ya shafi shari'a

Game da riba: kamfanonin fansho suna zuba kaso mai yawa na kuɗin a takardun bashin gwamnati masu kuɗin ruwa. A 2021 PenCom ta fito da Asusu na Shida, wanda aka kafa domin zuba kuɗi a jarin da babu ruwa a ciki, irin su sukuk da hannun jarin da ya dace da shari'a. Yana da reshe na masu aiki da reshe na waɗanda suka yi ritaya, kuma ba a mayar da kowa cikinsa sai ya nema a rubuce. Idan ka koma, ka yi ƙiyasinka da ribar da shi wannan asusun yake kawowa. Hanyar inshorar rai kuwa, majalisun fiƙihu na wannan zamani sun hana inshorar kasuwanci sun halatta takaful, don haka ka tambayi malami masani kafin ka zaɓe ta.

Game da zakka: kuɗin da aka cire maka dole, wanda ba ka da ikon taɓawa, babu zakka a kansa kafin ka karɓa, saboda mallakarsa ba ta cika ba. Idan ka karɓi garatuti ko kuɗin dunƙule, ya kai nisabi shi kaɗai ko tare da sauran kuɗinka, sai ka fitar da kashi 2.5 cikin ɗari idan shekara ta zagayo. A mazhabar Malikiyya ana fara ƙirga shekarar irin wannan kuɗin daga ranar da ya shigo hannu. Fanshon wata da ke ƙarewa a cefane babu zakka a kansa.

Game da gado: abin da ya rage a asusun mamaci dukiyarsa ce, ana biyan bashinsa da wasiyyarsa daga ciki, sannan a raba wa magada. Wanda aka rubuta sunansa a fom a matsayin makusanci amana aka ba shi, ba mallaka ba. Kamfanin zai nemi takardar kotu ta izinin kula da dukiyar mamaci kafin ya saki kuɗin. Idan malami ya rasu yana bakin aiki, dokar 2014 ta wajabta wa wanda yake yi wa aiki inshorar da ba ta gaza albashin shekara uku ba, kuma wannan daban yake da abin da ke asusun. Ka sanar da iyalinka sunan kamfaninka da inda takardunka suke.

A taƙaice:

Idan kana tsarin jadawali, nemo kasonka daga shekarun aikinka, ka ninka shi da albashin shekara na ƙarshe, ka raba fanshon da 12. Idan kana da asusun kanka, ƙiyasta abin da zai taru, cire kwata, ka raba sauran da 240 da kuma 120, sannan ka maimaita lissafin ba tare da riba ba don ka ga darajarsa ta yau. Ka sabunta lissafin sau ɗaya a shekara da duk lokacin da albashinka ya sauya. Idan saura shekara ɗaya ko biyu, ka je hukumar fanshonka ko kamfaninka su fitar maka da nasu adadin a rubuce, ka gwada da naka, ka nemi bayanin duk inda suka saɓa.

Muna roƙon Allah Ya sa albarka a abin da ka tara, Ya saka wa malamai da alheri.

Allah ne Mafi sani.